Batirin Gidan Kuwamura

Guguwar teku ta gama ɓarnarta ta wuce, ta bar tsibirin Kazeura da karyayyun itatuwa da wayoyin lantarki a ƙasa. Da hantsi aka bugo wa Sufeto Uramoto waya cewa an sami tsoho Kuwamura a mace a shimfiɗarsa, can gidan ƙarshe a bakin gaɓa, kuma wai matarsa ta ce 'yan sanda su zo su tafi da ita.

Uramoto ya daɗe a aikin nan. Ya ga masu gudu, ya ga masu musu har gaban alƙali. Wanda zai ƙulle kayansa ya zauna jiran ankwa ne bai taɓa gani ba.

Saje Nagase ce ta tuƙa su, mace mai baki kamar reza, wadda ko shi kansa ba ta raga masa. Da ƙyar suka wuce inda ƙasa ta zabtare ta rufe hanya, don lokacin ne aka buɗe gefe ɗaya.

Suka tarar da tsohuwa Tomie, matar mamacin, durƙushe a bakin ƙofa, ƙullin tufafinta a gefe.

"Ni na kashe shi, yallaɓai," ta ce.

"Inna, bari mu cire takalma tukuna. Me ya faru?"

Ta ba su labari ba tare da ta ɗaga kai ba. Huhun mijinta ya lalace tun yana aikin ƙera jiragen ruwa a Nagasaki, sai da injin numfashi yake rayuwa. Shi ya sa da gwamnati ta fito da tallafin sanya batirin sola a gidaje, ta ce za ta ɗauki kaso mafi tsoka, su ne suka fara karɓa. Faifan sola yana kan rufi, batir yana bayan gida, ko an ɗauke wuta injin ba zai tsaya ba. Haka aka gaya musu. Da guguwa ta kayar da falwayar unguwarsu, injin ya tsaya cak. Ƙaramar tukunyar iska ta ko-ta-kwana ta ƙare, waya ba ta tafiya a unguwar, hanya a rufe.

"To ina laifinki a nan?"

"Kullum da safe ina goge batirin da tsumma. Akase da ya sanya mana shi ya zo ɗazu, ya duba, ya ce in ba a taɓa masa maɓalli ba, ba ya ƙin aiki. To wa ke taɓa shi in ba ni ba?"

"Wani baƙo ya shigo gidan nan kafin guguwa?"

"Babu baƙon da ya zo." Ta share ido da bakin hannun riga. "Ni da har laya na manna masa. Ranar da ake sanya shi, da ma'aikata suka tafi cin abinci, na lallaɓa na manna layar tsarin gobara da muka karɓo a wurin bauta na kan dutse. Can ciki na sa, a bayan ƙarfen, don kada yaran zamani su yi mini dariya."

Batirin wani farin akwati ne da ya kai ƙirjin mutum, kafe a kan siminti. Koriyar fitilarsa tana ci, tana nuna cike yake taf.

"Wai cike yake, yallaɓai," in ji Nagase. "Cike da me, oho."

Uramoto ya ƙwanƙwasa gefen akwatin, ƙarar ba ta yi masa ba. Ya kai hannu ga jan hatimin da ke bakin murfin, sai ga tsohuwa ta taso da saurin da bai zaci tana da shi ba.

"Kada ka fasa! Akase ya ce duk wanda ya fasa hatimin nan, gwamnati za ta karɓe tallafinta."

Tausayi ya kama shi har ya ji haushi. Mijinta yana kwance an rufe masa fuska da farin ƙyalle, ita kuwa tana tsoron kada ta ɓata wa gwamnati rai. Ya sa wuƙar aljihu ya yanke hatimin.

Bulon siminti ne a ciki, an jera su tsaf don su ba da nauyi. A kansu akwai ɗan batir irin na babur, shi ke kunna koriyar fitilar. Ainihin ƙarfen da ke ajiye wutar babu shi, layar ma babu.

"Inna, kin gani? Ko kin kwana kina danna maɓalli, bulo ba ya ba da wuta."

Ta dubi bulon, ta dube shi. Ya ga maganar ba ta shige ta ba ko kaɗan.

Shagon Akase yana kusa da tashar jirgin ruwa. Mutum ne da bai wuce tsakiyar shekaru ba, mai ladabi, irin wanda ke sunkuyawa ko a waya yake magana. Rabin rufin gidajen tsofaffin tsibirin aikinsa ne. Da ya ga hoton bulon sai ya dafe kai.

"Sata ce, ranka ya daɗe! Akwai ɓarayin da ke tsallakowa da jirgi, suna kwance cikin batir su sayar."

"Ikon Allah," in ji Nagase. "Ɓarawo ya sata, ya kawo bulo ya jera, ya haɗa fitila, ya mayar da hatimi. Bai share musu tsakar gida ba kuwa?"

"Yaushe rabonka da gidan Kuwamura kafin yau?" Uramoto ya tambaya.

"Tun ranar da na sanya shi. Goggo Tomie ai uwa ce a wurina, tare muka tashi da ɗanta. Ni zan cuce ta?"

"Amma kai ka ce mata ita ta taɓa maɓalli."

Akase ya sunkuyar da kai. "Zato na yi."

Uramoto ya fito hannu rabbana. Ya san ƙarya ce, amma sani daban, hujja daban. Suka bi gidajen da Akase ya yi wa aiki, suna roƙo a bar su su buɗe. Ko'ina amsa ɗaya ce, da murmushi da ban haƙuri: hatimin gwamnati ne, ba a taɓawa. Wani tsoho har shayi ya ba su, amma ya tsaya a gaban akwatinsa kamar mai gadin banki. Takardar izinin bincike kuwa sai daga kotu a can tsallake, ga shi teku ba ta kwanta ba, jirgi ba ya tashi.

Sai suka nufi ofishin gari, wurin Tateishi, jami'in da ke duba kowane batir kafin a saki tallafi.

"Da idona nake gani," ya ce. "Ina fasa hatimi, in buɗe, in gwada. Ban taɓa samun wanda ba ya aiki ba. Kuma ba na sanar da kowa, doka ta ce ziyarar bazata ce."

"Na ƙarshe da ka duba fa?"

"Na Uwargida Oura, mai yin taliya. Ana gobe guguwa."

"In ka fasa hatimi, wa ke sa sabo?"

"Mai aikin mana. Akase yana tsaye a wurin, da na gama sai ya sa."

Uramoto ya dube shi. "Bazata ce, amma kullum yana tsaye a wurin. Ɗan duba ne shi, ko mafarki yake yi?"

Kunnuwan Tateishi suka yi ja. Ya gyara tabarau, ya sake gyarawa.

"Haba yallaɓai, kai ma ɗan garin nan ne. Ya za a yi in faɗa gidan tsofaffi kwatsam, ba su share ba, ba su shirya ba? Ai rashin tarbiyya ne. Nakan ɗan buga wa Akase tun da sauran kwanaki, in ce ya sanar da su."

"Ladabinka ya yi kyau," in ji Nagase. "Jibi za a ƙona gawar Kuwamura bisa al'ada, ka zo da shi."

Uwargida Oura ba ta yi gardama ba, don nata tallafin bai ma fito ba tukuna, kuma ita mace ce mai son a yi ta ta ƙare. Ta bi da su ta ɗakin da taliya ke rataye tana shan iska, suka wuce ƙarƙashin gicciyen da ke saman ƙofa, zuwa bayan shago.

Wannan akwatin kam ba bulo ba ne. Ƙarfen yana ciki, da ɗuminsa. Uramoto ya kwanta a ƙasa, ya cusa tocila ta bayansa. Can a lungu ya hango doguwar farar takarda da jan tambari, da rubutun mai kula da wurin bauta: tsari daga gobara, ga gidan Kuwamura.

Uwargida Oura ta leƙa, ta ja da baya tana zana gicciye a ƙirji.

"Laya? A gidana? Mu 'yan coci ne tun kaka da kakanni, kowa ya sani. Ko ƙafata ban taɓa sawa a kan dutsen nan ba."

"Wa ya buɗe akwatin nan kafin jami'i ya zo?"

"Akase. Ya zo da motarsa, ya ce gyaran ƙarshe zai yi. Ya turo wani abu a kan kura, lulluɓe da bargo."

Uramoto ya tashi yana kakkaɓe gwiwa. Ya kamata ya ji daɗi, amma bai ji ba. Abin da tsohon ke bukata don ya ga wayewar gari yana nan lafiya lau, ya kwana yana gadin taliya a unguwar da ba a ma ɗauke wuta ba.

Washegari da rana suka sami Akase a gidan makoki, cikin baƙar kwat, ya gama ƙona turare a gaban hoton mamacin. Uramoto ya yafito shi zuwa bayan gida, gaban buɗaɗɗen akwatin, ya nuna masa hoton layar.

Akase ya daɗe yana kallo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ya kai ƙarshensa. Sai ya durƙushe a kan siminti.

"Guda nawa ne na gaske?"

"Ɗaya ne, ranka ya daɗe. Tallafin sai an sanya, an duba, sannan a biya, kuma a daɗe ba a biya ba. Ni kuwa ɗaya kawai na iya saye. Na ce in na karɓi na wannan gida sai in cike na wancan. Duk kuɗin da ya shigo sai ya tarar da rami yana jiransa. Shi ne nake kai shi duk inda za a duba."

"Ka san da injin numfashi a gidan nan."

"Shi ya sa a nan yake zama! Kullum nan nake dawo da shi, na rantse. Kwana ɗaya kawai nake ara. Wannan karon na ce da safe zan mayar, sai ƙasa ta zabtare." Ya dubi buɗaɗɗen akwatin. "Na tsaya a bakin zabtarewar ina kallon unguwar nan ba wuta."

"Kana iya bugo mana. Da ko a kafaɗa ne an kawo masa iska."

"Da na bugo, sai in ce me?"

Nagase ta ciro ankwa ta sa masa.

Da suka waiwaya, Tomie tana tsaye a kusurwar gida, ta ji komai. Uramoto ya matsa kusa da ita. Wannan kaɗai ya rage da zai iya yi wa wani a duk binciken nan, ya sauke mata kayan da ta ɗora wa kanta.

"Inna, kin ce ba wanda ya zo."

"Baƙo ka tambaya. Shi ai ɗan gida ne."

"To kin ji da kunnenki. Shi ya ɗauke. Ba tsummanki ba ne, ba maɓalli ba ne. Ba ki da laifi ko na ƙwayar zarra."

Ta girgiza kai a hankali.

"Ranar da ya zo, ina ɗakin girki ina haɗa masa shayi. Na ji ƙarar kura tana fita da nauyi. Raina ya ce, tashi ki leƙa. Har na kama ƙofa. Sai na ga abin kunya ne a tsaya a kan mai aiki kamar ba a yarda da shi ba. Na koma na zauna." Ta dubi hannuwanta. "Har wainar dankali na ƙunsa masa ya kai wa 'ya'yansa."

"Goggo..." in ji Akase, goshinsa a ƙasa.

Uramoto yana da sashen doka na zamba, yana da na sakaci da ya jawo rasa rai. Ya laluba duk abin da ya sani, babu sashen da zai raba tsohuwar nan da wannan ƙofar da ta kama ta saki. Ya gano mai laifi, amma duk ihu ne bayan hari.

Nagase ta ɗago Akase, ta yafa masa rigarta a kan hannu don kada masu makoki su ga ankwa. Suka bi ta gefen gida zuwa mota. Tomie ta biyo su har bakin hanya, don ba a barin wanda ya zo gidanka ya fita ba rakiya. Da mota ta tashi, ta haɗa hannuwa a gwiwa, ta sunkuya ƙasa sosai.

"Sannunku da aiki," ta ce.

Uramoto ya hango ta a madubi, ba ta ɗago ba har suka sha kwana. Bai san ko su take nufi ba, ko wanda ke zaune a baya.