Katakon Mainasara

Ranar da Mainasara ya fara ganin Sakinatu, ranar ya jefa ubanta a kogin Nilu.

Aikinsa a mashigar Aljirif guda ɗaya ne: in jirgin fito ya tsaya, ya shimfiɗa katako daga bakin jirgi zuwa gaɓa, ya danne shi da ƙafa har kowa ya wuce. Dokar aikin, ba a ɗaga ƙafa ko kunama ce ta hau ta.

To, ba kunama ce ta zo ba. Sakinatu ce, daga unguwar Umbadda, tana bayan mahaifinta Alhaji Badaru, za su tsallaka gaida ƙanwarsa Gogo. Alhaji yana tsakiyar katako Sakinatu ta yi wa Mainasara murmushi. Gogan naka ya juya gaba ɗaya, har da ƙafar.

Tsundum!

Aka tsamo Alhaji, rawani yana can yana tafiyarsa. Shi kuwa shekara ashirin ya yi yana aikin manyan jiragen ruwa na garin Kosti.

"Wannan ne abin hawa?" in ji shi, yana tofar da ruwa. "Turawa gangwe suke cewa, mai abin kamawa hagu da dama! Ko katako tsura, gangfilan, sai an buga masa matakai. Naka tarkon ɓera ne!"

"Ma'alesh, ya ammi, yi haƙuri, baffa," in ji Mainasara.

Sakinatu ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Gogo maƙwabciyar su Mainasara ce, ita ta ba shi lambar wayar Sakinatu. Ya rubuta: "Habibti, masoyiyata, babanki ya faɗa ruwa an tsamo shi. Ni har yau ba wanda ya tsamo ni."

Ta amsa: "Mai katakona, rawanin Baba nake bin ka, ka zo gida ka biya."

Soyayya ta kama su, ba ta wasa ba. Amma da manyansa suka je Umbadda, Alhaji ya kaɗa kai. "Wanda ya kasa riƙe katako minti ɗaya, shi zai riƙe mini 'ya? Ga Jatau mai shagon takalma a kasuwar Suk al-Arabi, shi zan ba."

Sakinatu ta yi kuka har idanu suka kumbura. Mainasara kuwa ya koma mashiga. Ya samo ƙusa ya buga wa katako matakai, ya ɗaura igiyar kamawa gefe da gefe.

Da damina Gogo ta kwanta ciwo, dole Alhaji ya sake tsallakawa, da Sakinatu, da Jatau mai neman suna. Ruwa ya cinye gaɓa, katako bai kai tudu ba. Mainasara ya shiga ruwa har ƙirji, ya ɗora bakin katakon a kafaɗa.

Jatau ya ture dattijo ya riga shi sauka, yana kare sabon takalminsa, har da taka kan Mainasara. Alhaji ya bi shi da kallo kawai. Sannan ya hau, ya zo tsakiya, ya tsaya cak.

"Sakinatu," in ji shi, "yi masa murmushin nan na rannan."

"Haba Baba!"

"Yi, na ce."

Ta yi. Mainasara ya runtse idanu gam, jijiyar wuya ta miƙe.

"Ya ammi, don Allah ka wuce. Kafaɗa ce, ba dutse ba!"

Alhaji ya fashe da dariya. "Yanzu kam na ga gangwe. Turo manyanka Jumma'a."

Ranar kai amarya, jirgi cike da mata ana guɗa, Mainasara ya shimfiɗa katako zai danne. Alhaji ya janye shi gefe, ya tattare jallabiya, ya ɗora tasa ƙafar.

"Yau ba na yarda da idanunka, ɗana. Jeka ka kama hannunta, ni zan riƙe muku. Allah ya yi muku albarka, ya tsallakar da ku lafiya."

Duk jirgin ya amsa, "Amin!"