Walimar Bakin Kwata

A can wani zamani, a wata unguwa cikin birni, kwata ta toshe. Da an yi ruwa sai ya malale ɗakin wata tsohuwa mai ƙosai, har bango ya fara zubewa.

Mai unguwa ya kira aikin gayya. Mahauci ya ce bayansa ke ciwo. Tela ya ce bayansa ke ciwo. Wanzami ma bayansa ke ciwo.

Tsohuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, bar ni da su."

Ran Asabar ta aro kujeru, ta girka ƙatuwar tukunya a bakin kwata, ta soya albasa. Ba ta gayyaci kowa ba, amma kowa ya zo da babbar riga, babu mai dafe baya.

Mahauci ya ce, "Iya, yaushe za a sauke?"

"Yanzu, ɗana. Amma wa zai iya ci cikin wannan wari? Ga shebur can."

Suka tuɓe riguna, suka yashe kwata tas, suka jeru.

Tsohuwa ta buɗe tukunya, ruwan zafi ne zalla. Ta ce, "Ku matso in gasa muku bayan."