Hoton da Aka Wanke

Auta ta shigo gida tana jan ƙafa, yatsunta sun ƙage don tun safe take kan kitso a shago. Ko mayafi ba ta cire ba ta hango kwalba a kan katifarta, doguwa, an zana farar mace tana murmushi a jiki.

"Umma, wannan fa?"

"Mai ne. Yayarki ta kawo. Safe da yamma, har wuya."

Yaya na kwance tana danna waya. "Orijinal ne, 'yar gawayi. Wata guda kin waye!"

"Ke da kika waye, ya gaɓoɓin yatsunki suka ƙi bin ki?"

"Umma, kin ji ta ko!"

"Rufe min baki, Auta! Abin kunyar jiya bai ishe ki ba?"

Ya ishe ta kam. Jiya Hajiya, uwar wani mai ɗaukar hoto da ke neman aurenta, ta zo ganin surukarta. Auta ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Hajiya ta miƙa mata jaka, ta ce a kawo ruwa, ta wuce ta rungume Yaya tana cewa, "Ga 'yata, ai tun a hoto na gane ta!" Da aka nuna mata wadda ɗanta yake so, sai fara'ar ta ɗauke kamar an ɗauke wuta. Ko ruwan ba ta sha ba.

Auta ba ta yi kuka a gabansu ba. Tun tana goyo ake mata wannan waƙar, har kunnenta ya gaji.

Washegari mai hoton ya zo ƙofar shago yana sosa ƙeya.

"Nuna min hoton da ka kai wa Hajiya," in ji ta.

Ya miƙo waya. Idonta ne, wushiryarta ce, amma fatar kamar an jiƙa ta a madara.

"Wace ce wannan?"

"Haba Auta, ke ce mana! Ɗan haske na ƙara. Aikinmu ne — duk kwastoma sai ta ce a wanke ta. Sori, wallahi hannuna ne ya saba."

"Ni na ce ka wanke ni? Datti ka gani?"

"Na san halin Hajiya ne, na ce bari ta fara amincewa tukuna..."

"To ta amince. Je ka nemo mai wannan fuskar ka aura. Ni ina da kai a gabana, ban gama ba."

Ta koma ta kama kitsonta, hawaye na ɗiga a kan tsagar, mai kan ba ta sani ba.

Kwanaki suka ja, bai zo ba, ita ma ba ta kira ba. Umma kullum faɗa: miji a hannu za ta sake saboda taurin kai. Wata rana da gajiya ta yi mata yawa har ta buɗe kwalbar, ta lakato, ta tsaya tana kallon yatsanta. Sai ta goge a jikin tsumma, ta ce, "In auren sai da wannan, ya tafi."

Ana nan sai ga Hajiya a shago, fuska ba annuri.

"Ke, zo ki yi min kitso."

Ta zauna ta zame ɗankwali. Auta ta tsaga gashin, sai ta tsaya. Fuskar Hajiya fara ce sol, amma ƙeyarta da bayan kunnenta baƙaƙe ne, fatar ta ƙone ta yi laushi kamar takarda, ga ƙuraje har cikin gashi. Mai ya ci ta shekara da shekaru. Auta ta juya kujerar don kada sauran mata su gani, ta sassauta hannu, tana kauce wa inda ke ciwo.

Hajiya ta san an gani. Can sai ta ce:

"Yaron nan ya buga hotonki ƙato, yadda kike ɗin nan, ya rataye min a falo. In sauke, ya mayar. In sauke, ya mayar! Ya ce ke ko babu. Na gaji."

"Allah ya huci zuciyarki, Hajiya."

"Hannunki da sauƙi." Ta ɗaura ɗankwali, ta miƙe. A bakin ƙofa ta waiwayo. "Ki gaya wa uwarki iyayensa maza na nan zuwa. Kuma ko wa ya ba ki abu ya ce ki shafa — ko ni ce — kada ki karɓa."

Aka yi auren, Auta na nan da fatarta yadda Allah ya ba ta.

To 'yan mata, ku buɗe kunne. Fata riga ce da ba a saya a kasuwa, in kin yaga ta babu telan da zai ɗinke. Namijin da zai ɓoye kamanninki don tsoron uwarsa, bar shi ya je ya koyo tsayuwa tukuna. In naki ne zai dawo ya same ki inda ya bar ki.