Shinkafar Baikon Sekar

Shinkafar baiko ce ta raba Sekar da aikinta.

A masana'antar ɗinkin riguna ta birnin Semarang ta fara ganin Danang, shugaban masu gyara, ranar da kekenta ya cije. Gyaran bai taka kara ya karya ba, amma ya durƙusa gefenta yana juya sukudireba har aka tashi cin abinci.

"Yayana, keken ne ba lafiya ko mai gyaran?"

"Mai gyaran ne, ƙanwata. Ki tausaya."

Tun daga ranar, tana ɗinki zuciyarta na can wani ɗan gida mai bishiyar mangwaro, ruwan sama na sauka a hankali kan rufi, shi yana baranda yana jiran shayinta.

Mahaifinta, Baba Harjo, bai amince ba sai da ya ji muƙamin yaron. Da aka sa rana, mahaifiyarta ta yi abin da kowace uwa ke yi a garinsu: ta dafa shinkafar kurkur da madarar kwakwa, ta naɗe a ganyen ayaba, ta aika wa abokan aikin 'yarta. Manaja ya cinye tasa tas, sannan ya kira Danang.

"Ni ba na ajiye matan aure. Yau biki, gobe ciki, jibi hutu. Sekar za ta tafi. Kai ka kama bakinka, kujerarka na nan."

A ofishin ƙwadago aka gaya wa Sekar doka ta hana korar mace don aure ko ciki. Amma manaja ya rantse saboda lalaci ya kore ta, kuma Danang kaɗai ya ji gaskiyar.

Ta tura masa saƙo: "Masoyina, kada ka ba da shaida. Baba ya ce in ka rasa kujerar nan babu aure. Na haƙura da aikin, kai nake so."

Ya amsa: "Tauraruwata, in na yi shiru yau, da wane ido zan kalle ki gobe da safe, da duk safiyar da ta rage mana?"

Ya je ofishin ƙwadago, ya faɗi gaskiya. Aka mayar da ita bakin kekenta. Doka ta hana ramuwa a kan mai shaida, sai manaja ya kira abin canjin wurin aiki, ya tura Danang sito ɗaukar dilolin yadi.

Baba Harjo ya je da kansa, ya tsaya ƙofar sito ya kalle shi yana haki ƙarƙashin dila. Ya dawo gida ya ce, "Wawa ne, amma namiji ne. A ɗaura."

Aka ɗaura cikin ƙamshin furen yasmin, tsofaffi na ta sa albarka. Da Sekar ta sunkuya sumbatar hannun mijinta kamar yadda amare ke yi, ta ji tafin duk ya tsattsage, ya yi kanta. Ya so ya janye. Ta riƙe gam.