Bindigar da Aka Kifa a Maƙerar Baba Kora

Ran kasuwar Banikoara, rana na tsaka, Baba Kora maƙeri ya shigo ofishin 'yan sanda ko hula babu a kansa. Shekararsa arba'in yana gyaran bindigogin maharba, ba a taɓa ganinsa yana sauri ba sai ranar.

"Yallaɓai, an ɗauke bindigar Bona."

Sufeto Yaru ya ture kwanon sakwararsa gefe. "Zauna, Baba. Wace Bona?"

"Mai awarar nono. Ta marigayi ubanta ce, 'yar ƙarama mai harsashi kamar ƙwayar gyaɗa, ta harbin fakara. Da takardunta ta kawo min in raya ta. Na je cefane na dawo, babu."

"Za mu nemo ta. Kwantar da hankalinka."

"Ba zai kwanta ba, ɗana. Wanda duk ya harba ta yau, fuskarsa za ta ci."

A maƙera tsohon ya yi bayani. Ƙotar ya kankare ta da fasasshiyar kwalba, ya sha shafa mata man kaɗe har ta yi sheƙi. Kunamar ma ta tashi. Saura cikin bututun, inda tsatsar shekara goma sha biyu ta kama. Shi kuwa yadda ya gada, sai ya dunƙula ɗan itace ya buga shi can cikin bakin, ya kifa bindigar baki a ƙasa, ya cika ta da kananzir ta baya, ta kwana bakwai. Yau kwana biyar.

"Daga waje ana ganin itacen?"

"Ko ni sai na zura waya."

Sufeto ya tsuguna a lungun. Jan ruwa ya ɗiga a ƙasa, ya bi har bakin ƙofa. Ya dangwala ya shinshina: kananzir ne da tsatsa.

Maƙwabcin maƙerar wani mai gyaran babur ne, Tamu, jikinsa duk warin kananzir.

"Ina kake da hantsi?"

"Masallaci, Yallaɓai."

"Da hantsi? Wace salla ce wannan, ko sabuwa aka sauko muku da ita?"

Tamu ya sosa ƙeya. "To, wajen mai burkutu na leƙa. Don Allah kada maganar ta kai gida."

"Juya bayanka."

Ya juya. Rigar baƙa ƙirin da man inji, amma babu ja ko ɗigo.

"Wa ka gani a nan yau?"

"Sabi, ƙanen Bona, ya wuce da sassafe. Kullum sai ya leƙo ya kalli bindigar nan kamar mai zance."

Sufeto da Baba Kora suka tarar da Bona tana tace nono a tsakar gidan gadonsu. Ta ce Sabi ya shigo ɗazu ya sake riga, ta tambaye shi labarin maƙera ya rantse rabonsa da can tun watan jiya, ya tafi gona.

"Kuna da rigima a kan bindigar?"

"Ni na yi jinyar Baba shekara uku, ya ba ni ita da hannunsa. Sabi ya ce mace ba ta gadon bindiga. Na ce idan an gyara zan rataye ta a ɗakin Baba, kowa ya gani."

Sufeto na sauraro, idonsa na kan igiyar shanya. Wata farar riga ce a jiƙe, an wanke ta da gaggawa. Jan layi ya sauko daga kafaɗar dama har ƙugu.

"Baba Kora, ɗan maharbi zai bar bakin bindiga a ƙasa?"

"Haram. Tun suna yara ake dukansu a kan haka. Yana ɗauka zai juya ta sama ya rataya."

"Kananzir ɗin kuma ya bi bayansa. Bona, akwai harsashi a gidan nan?"

Ta ruga ɗaki, ta fito da gwangwanin shayi a buɗe. "Biyar ne. Saura huɗu."

Su uku suka hau babur ɗaya, tsohon a tsakiya yana salati a kowane rami.

A gefen gonar auduga suka hango shi, ya durƙusa bayan suri, ya kafa ƙotar a kumatu. Fakara uku na kiwo a gabansa.

"Sabi!" Bona ta ƙwala. "Don darajar Baba, kada ka taɓa kunamar nan!"

Fakarun suka tashi fir. Sabi ya miƙe a fusace. "Yaya, har nan? Wannan ta wani abokina ce na aro!"

"Abokin naka ma a maƙerar Baba Kora yake wanka da tsatsa?" in ji Sufeto. "Miƙo."

Baba Kora ya karɓa, ya zare harsashin, ya ciro doguwar waya daga aljihu ya zura ta baya. Ya bubbuga sau uku. Ɗan itace ya faɗo a tafin hannunsa, jawur, tsawon ɗan yatsa.

Sabi ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kai hannu ya shafa idonsa na dama, ya zauna a kan kunyar gona.

"Ni na ɗauka. Sau ɗaya kawai nake so in ji ƙararta kamar lokacin Baba, kafin a rataye ta a bango."

"Da ka tambaya, shashasha," in ji Bona tana kuka tana dungure masa kai.

"Sata dai an yi ta, kuma ba ka da takardar riƙe bindiga," in ji Sufeto. "Sai mun je ofis."

Sabi ya miƙa hannu biyu da kansa. "Mu je, Yallaɓai. Na gode da ka zo da wuri. Allah ya saka."

Sufeto ya ciro ankwa, ya dube ta, ya mayar da ita aljihu, ya nuna masa bayan babur.

Baba Kora ya goge ƙotar da bakin rigarsa, ya kifa bindigar baki a ƙasa. "Ka ɓata min kwana biyar, sai na sake daga farko," ya ce wa Sabi. "Idan ka fito, ka nemi takardarka. In yayarka ta yarda, harbin gwaji naka ne."

Bona ta share ido da gefen zane. "Na yarda. Amma rigar nan shi zai wanke abinsa."