Hubbaren Malam Mai Keke

Ku matso, ku rage murya. Labarin Mamuda zan ba ku, wanda bakinsa ya fi hankalinsa gudu.

A kan tudun hanyar Kwarin Gawo akwai wani hubbare a gindin tsamiya. Nan aka binne Malam Sambo, wanda aka ce shi ya fara hawa keke a yankin, yana zaga ƙauyuka da wa'azi har ya tsufa a kan sirdi. Masu keke ba sa wucewa sai sun sauka sun yi masa addu'a. Wani ya rataya tsohuwar sarƙar keke, wani ƙararrawa, wani keken mahaifinsa da ya rasu.

Mamuda kuwa bai fi wata biyu da sayen babur ba, amma har ya manta shekara goma ya yi yana tuƙa keke.

"Wai ziyara!" in ji shi. "Juji ne aka yi wa rufi."

Ran nan, rana tsaka, ya biyo hanyar shi kaɗai. Daidai tsamiyar babur ya mutu. Ya buga, ya buga, shiru. Ya shiga rumfar hubbaren neman inuwa, ko takalmi bai cire ba. Kekuna a rataye jere-jere, duk tsatsa. Ya yi tsaki, ya tofar da yawu.

"Sannu da rana, samari."

Wani tsoho ne zaune kan benci, cikin doguwar riga. Muryarsa siririya, tana ƙiiƙii kamar ƙarfen da ya rasa mai.

"Baba, kai ne mai gadin gwangwanin nan?"

"Ni ne. Wannan keken da kake jingine da shi ya kai mai naƙuda asibiti a daminar da gada ta karye."

"To, a ba shi sarauta mana."

Tsoho bai yi fushi ba. "Abin hawanka ya gaji. Ɗauki wancan, ya kai ka gida."

Mamuda ya kwashe da dariya. "Ni? In hau abin matsiyata?"

Sai ya lura babu iska, amma tayoyin da ke rataye suna juyawa. A hankali. Dukkansu. Ya sunkuyar da kai, idonsa ya faɗa kan ƙafafun tsohon. Ba su taɓa ƙasa ba. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, suna taka fedar da babu ita.

"Hau," in ji tsoho.

Gwanin baki sai ga shi a kan sirdi. Keken ya zabura da kansa. Mamuda ya kama birki, babu birki. Bayansa ya yi nauyi, numfashi mai sanyi na taɓa wuyansa.

"Taka da kyau, mai babur."

Mamuda ya yi ta salati, yana haɗawa da sunan uwarsa. Keken ya bi da shi ta tsakiyar kasuwa, gaban duk waɗanda ya saba yi wa ba'a, wandonsa sharkaf, sannan ya kife shi a ƙofar gidansu. Da aka ɗago shi, ba keke, ba sawun taya.

Yayyensa uku suka je ɗauko babur. Suka same shi ya ruɓe da tsatsa, kamar ya shekara talatin a wurin. Mutanen ƙauyen suka ce rabon hubbaren da mai gadi tun kafin a haifi Mamuda.

Yau ko mota aka tsayar masa, sai ya ce ƙafa ta fi lafiya.

Don haka in hanya ta kai ku tudun nan, ku nemi abokin tafiya. Ku yi sallama. In aka amsa, kada ku dubi ƙasa.