Tanderun da Ya Ƙi Bushewa

"Ka sake faɗa in ji, Anselmo!"

Benedita ta tsaya cak cikin kwaɓin yumɓu, laka har ƙwaurinta. Tun hantsi ita da saurayinta Anselmo suke tattake shi da karan alkama a lambun bayan gida. Ni kuwa ina shanya a gindin katanga, kuma maƙwabtaka ba kurumta ba ce.

"Na ce aikin ginin nan na Faransa ya fito. Ƙarshen wata suke nemana."

"Shi ne sai yau kake gaya min?"

"Ki zo mu tafi tare, farin cikina..."

"Baba fa? In sa shi a aljihu?"

Anselmo ya sunkuyar da kai. Duk ƙauyen nan namu na yankin Alentejo an san ciwon daji ya kama maƙogwaron Baba Isidro, kuma Benedita kaɗai gare shi. Nama ya daɗe da gagararsa, abin da ke wucewa sai miyar burodi da tafarnuwa da man zaitun. Burodin da mota ke kawo mana kuwa ya ce audugar katifa ce. Burinsa ɗaya, kafin maƙogwaron ya rufe ya ci burodin tanderun yumɓu, irin wanda marigayiya matarsa take gasawa. Shi ya sa suke kwaɓa yumɓun, za su gina masa tanderun.

"To ki ji," in ji Anselmo, ya kama hannunta. "Na rantse ba inda zan je sai burodin farko ya fito daga tanderun nan. Na yi wa Baba alkawari, na yi miki."

"In ya fito fa?"

Ya ci gaba da tattaka.

Yaron yana da hannu, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya tara jiƙaƙƙen yashi ya mulmule shi kamar kifaffiyar ƙwarya, ya bi shi da yumɓu curi-curi har ya rufe. Da ya ɗan kama jikinsa ya yanka ƙofa, ya kwashe yashin. Sannan ya lulluɓe shi da buhuna, don ranar bazararmu ba ta da mutunci.

"Ki riƙa yayyafa ruwa da safe, kada ya tsage," ya ce mata.

Bayan 'yan kwanaki ya danna shi da ɗan yatsa ya yi murmushi. "Ya isa. Daga yau ki daina, iska ta yi aikinta."

Benedita ta ce to. Amma washegari da sassafe na ganta da butar ban ruwa. Ta ba tumatir, ta ba kabeji, ta waiga dama da hagu, sai ta juye sauran a kan tanderun, har cikinsa ta watsa. Kai, so masifa ne! Yarinyar da ke tashi ta juya ubanta a gado, ta goge masa baki, ita ce take wannan aiki tana hawaye.

Kullum Anselmo ya zo da yamma sai ya taɓa yumɓun ya ɗaure fuska.

"Wannan wane irin abu ne? Ƙasa tana tsagewa don zafi, shi yana gumi!"

"Ko yumɓun ne ba kyau?" in ji ta, idonta a ƙasa.

Daga tagar ɗakinsa Baba Isidro yakan leƙo, muryarsa a dashe. "Kai magini, yau fa? Ko sai an binne ni za ka gasa wa masu zaman makoki?"

"Haba Baba, saura ƙiris."

"Ƙiris ɗin nan naka ya fi wa'azin fada a coci tsawo."

Su yi dariya su biyu, Benedita ta shige kicin.

Wata ya ƙare, wani ya kama. Tsoho ya koma shan romo da cokali.

Ranar wata Talata Anselmo ya yi sammako da itacen zaitun a kafaɗa. Ya turo ƙofar lambu, ya tarar da ita ruwa yana zuba daga butar. Itacen ya zube a ƙasa.

"Benedita!"

"Tsaya ka ji..."

"Ke ce? Duk kwanakin nan ke ce?"

"In ya bushe za ka tafi! Ya kake so in yi? In tsaya ina kallo ku tafi ku biyu, shi kabari kai Faransa?"

"Sai ki hana tsoho abu ɗayan da ya roƙa? Kin san jiya ko romo da ƙyar ya wuce?"

Ta durƙushe a cikin taɓo, kuka ya ci ƙarfinta.

"Kai yaro, rage murya." Baba Isidro ne a taga, yana riƙe da ƙarfenta don kada ya faɗi. "Ni na sa ta."

Ƙarya ce, mu duka mun sani. Har ni da nake bayan katanga sai da na toshe baki da zani.

"Baba..." in ji Benedita.

"Yi min shiru. Na ce ni na sa ta. Ku kunna wuta."

Amma jiƙaƙƙen tanderu ba ya karɓar babbar wuta, fashewa zai yi. Dole Anselmo ya bi shi da 'yar ƙaramar wuta, yau ƙirare, gobe ƙirare, tururi yana tashi daga yumɓun. Cikin kwanakin nan aka kira shi daga Faransa aka ce an ba wani aikin. Ya mayar da wayar aljihu, ya ci gaba da hura wuta. Benedita ta samu abin da take so, ga shi bai tafi ba. Sai dai tun daga ranar Talatar nan bai sake ce mata farin cikina ba, ko ruwa ta miƙa masa gefe yake kallo.

Ranar da cikin tanderun ya yi fari fat don zafi, ni na kwaɓa musu fulawa. Anselmo ya share garwashi, ya zura burodi, ya toshe ƙofa. Ƙamshin ya cika unguwa.

Benedita ta naɗe na farko a tsumma ta ruga ɗaki, muka bi ta.

"Baba, ga shi! Da zafinsa, Baba!"

Tsoho ya rungume burodin a ƙirji, ya lumshe ido yana shaƙa. Ta gutsuri tsakiyar, ta jiƙa a romo har ya narke, ta sa masa a baki. Ya yi ƙoƙari, Allah ya gani ya yi. Wuyansa ya miƙe, jijiyoyi suka tashi, sai tari ya sarƙe shi, abin ya dawo a kan haɓarsa.

"A sake, Baba, kaɗan kawai..."

Ya girgiza kai. Anselmo ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa.

"Ka yafe min, Baba! Da ban..." in ji Benedita.

Ya ɗora yatsa a leɓenta. Sannan ya ɓalli ɓawon, ya miƙa mata.

"Ci min, 'yata. Ki ci ina kallo, ki gaya min yadda yake."

Ta sa a baki. Ta tauna, ta tauna, hawaye yana gangarowa, ita ma ya ƙi wucewa. Tsoho ya zuba mata ido yana jira.

"To?" ya ce a hankali. "Gishiri ya ji?"

"Ya ji, Baba," ta ce, bakinta cike. "Komai ya ji."